Zato Ne Ke Kashe Ayyukan Raya Ƙasa A Yankinmu

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin hukumomi da kuma 'yan'uwana manoma da ƙananan 'yan kasuwa na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura a kan wata cuta da ke cin ayyukan da ake kawo mana.

Duk wanda ka tambaya dalilin da ya sa aikin gwamnati yake mutuwa, sai ya ce maka sata. Ba na musu, ana sata. Amma akwai aikin da ko kwabo ba a taɓa ba sai ya mutu, domin tun ranar da aka zana shi a takarda an ɗora shi ne a kan zato. Wani ya zauna a ofis ya ce ai akwai ruwa a wurin, ai mutane za su zo, ai in ya lalace za su gyara, ai iyaka kullum a buɗe take. Babu wanda ya ɗaga hannu ya ce masa, ranka ya daɗe, wa ya faɗa maka? Iyayenmu sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. To, balle zaton da aka zuba wa miliyoyin kuɗin jama'a.

Bari in fara da babban aikin da ya ratsa ta ƙofar gidanmu, wato layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashinsa, bayan an ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilar, a kan kuɗin da ya kusa dala biliyan 2. Tsawonsa kilomita 284 ne, ya biyo ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Ni dai ina cikin masu murna, kada wani ya ce baƙin ciki nake. Sai dai ina so mu tuna da abin da ya faru lokacin da dogo ya fara zuwa ƙasar Hausa.

A 1911 dogo ya iso Kano, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawan mulki sun yi lissafinsu a kan auduga. A zatonsu, da zarar jirgi ya zo, manoman Kano za su cika shi da auduga a kai wa masaƙun Ingila. Ba su tambayi kansu ba: shin wa yake sayen audugar nan tun kafin mu zo? Ashe masaƙa da marinan ƙasar Kano suna biyan kuɗin da ya fi na Bature. Manomi kuwa ya duba ya ga gyaɗa ta fi masa: ƙasar jigawa tana karɓarta, ya ci, ya sayar ya biya haraji, harawa kuma ta dabbobinsa ce. Fatake irin su Alhasan Ɗantata suka gane haka da wuri, sai ga dalar gyaɗa ta tashi a Kano. A wannan karon sa'a ce ta yi aiki, jirgi ya samu kayan ɗauka ko da yake ba wanda aka yi masa tanadi ba ne. Amma da aka kai layi Nguru a 1930, garuruwa irin su Ringim, Gagarawa da Malam Madori suka ɗora arzikinsu a kan jirgi da gyaɗa, kowa yana ganin abu ne na har abada. Farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, jirgin ma ya yi ta ja da baya. Wanda ya san waɗannan tashoshin a da, ya je ya gan su daga baya, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

To, yanzu ga tambayoyina a kan sabon layin. Wane kaya zai ɗauka, kuma kayan wa? An ce domin kayan Nijar su riƙa bi ta tashar jiragen ruwa ta Legas. Madalla. Amma a ranar da aka aza harsashin, babu sabon layi tsakanin Ibadan da Abuja, na Kaduna zuwa Kano ma sai a Yulin shekarar aka ƙaddamar da aikinsa. Sannan ita kanta iyakar fa? Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 a rufe take. Bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai a Yulin 2023 aka sake rufe ta, sai a Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS. Mutanen Babura da na Maigatari su suka san yadda kasuwa take zama in an rufe iyaka. Ba cewa nake a fasa aiki ba. Cewa nake, shin akwai wanda ya zauna ya lissafa yadda jirgin zai ciyar da kansa a shekarar da iyaka take rufe?

Wannan ta manya ce. Tamu ta talakawa ta fi kusa. Ɗan kasuwar da ke da buhu biyar na riɗi ko zoɓo ko wake, za a karɓi kayansa a tashar Kazaure, ko sai mai tarago guda? In tashar tana nesa da kasuwa, sai ya biya amalanke ko mai Keke Napep zuwa tasha, ya biya 'yan dako su ɗora, a Kano ya sake biya a sauke, ya sake ɗaukar mota zuwa Dawanau. Direban da ya saba da shi kuwa daga ƙofar shagonsa yake ɗauka, wani lokaci ma bashi, sai an sayar a biya. In ba a yi wannan lissafin ba, jirgi zai riƙa wucewa muna ɗaga masa hannu kawai. Haka kuma dogo katanga ce da ta raba ƙasa biyu. Akwai wanda gidansa yana gabas gonarsa tana yamma. Akwai burtalin da shanu suka shekara ɗari suna bi. Akwai hanyar da ruwan damina ya saba bi, wadda ba ta cikin taswirar kowa sai a kan dattawan gari. In an toshe ta, ruwa ba ya neman izini, cikin gidaje zai shiga.

In koma kan ruwan sha, wanda shi ne ya fi damun matanmu da yaranmu. Tun zamanin KNARDA a tsohuwar Jihar Kano, zuwa DFRRI da gwamnatin Babangida ta kafa a 1986, zuwa PTF, zuwa ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, babu gwamnatin da ba ta haƙa rijiyar burtsatse a yankin nan ba. Da a ce duk suna aiki, da tuni an manta da jarka. Me ya faru? Zato biyu ne.

Na farko, ana ɗauka ƙasa duk ɗaya ce. Alhali Kazaure, Roni da Gwiwa a kan dutse suke zaune, kowa yana ganin duwatsun da idonsa. A irin wannan ƙasa ruwa yana maƙalewa ne a cikin tsagar dutse da inda dutsen ya rube. Kana iya haƙawa a nan ka samu, ka matsa taku hamsin ka tashi a banza. Ta wajen Babura kuwa rairayi ne, yanayin ruwanta daban. Amma sai ka ga an ba da kwangilar rijiyoyi ashirin da kuɗi ɗaya da zurfi ɗaya, kamar ana sayen buhunan gishiri. Ɗan kwangila in ya kai zurfin da aka rubuta masa sai ya tsaya. In a ƙarshen damina ne, ruwa yana sama, a danna fanfo ruwa ya zubo, a yi tafi, a ɗauki hoto. Watan Maris na zuwa sai iska. Sannan wurin da za a haƙa, sau da yawa ba na'urar auna ruwa ce take zaɓa ba, ƙofar gidan wanda ya fi faɗa a ji ce.

Na biyu, ana ɗauka mutanen gari za su gyara. Da me? Na san wani ƙauye a yankinmu da fanfon tuƙa-tuƙa ya shekara a tsaye saboda wata 'yar roba da kuɗinta bai kai na kaza ba. Mutanen ba su ƙi haɗa kuɗi ba. Babu wanda aka koya wa kwance fanfon, ba a bar musu ko sifana ba, kuma ba su san shagon da ake sayar da robar ba. Waɗanda suka kawo aikin sun tafi, allon da ke ɗauke da sunansu ne kawai ya rage. Yanzu an koma yayin mai aiki da hasken rana, abu mai kyau, amma tambayar tana nan: in injin ya ƙone wa zai saya, in an sace faifan sola wa ke gadi, kuɗin gyara a hannun wa ake tarawa? In babu amsa kafin a haƙa, to an haƙa rami ne kawai.

Yanzu ga wanda na fi so 'yan'uwana manoma su karanta da kyau, domin shi ya nuna amfanin tambaya. Shekara da shekaru ana bikin dashen itatuwa. Manya su zo da manyan riguna, a dasa, a ba da ruwa da butar roba, a watse. Akuya ta zo ta yi nata bikin. Tunanin da ke bayan wannan shi ne wai ƙasarmu ta ƙare babu itace, sai an kawo daga gandun reno. A ƙasar Maraɗi ma haka aka yi ta yi, dashe yana mutuwa. Sai a 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya tsaya ya dubi 'yan tsirran da ke fitowa a gonaki, waɗanda manomi ke sassabewa ya ƙone kowace bazara. Ya ga ashe ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai inda danshi yake. Abin da ake bukata kawai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su. Mutanen can suna kiran abin sassaben zamani.

Amma akwai zato na biyu da sai da aka warware shi. An ɗauka manomi ba ya son itace. Gaskiyar magana ita ce, a dokar gandun daji ta lokacin itacen na gwamnati ne, in ka sare reshe a gonarka ma'aikacin daji ya ci ka tara. Wa zai yi renon abin da zai ja masa tara? Da aka sassauta, manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, itatuwa kusan miliyan 200. Ba labarin wata duniya ba ne. Duk ɗan Babura da ya tsallaka zuwa ƙasar Magarya ya ga yadda gawo ya cika gonaki. Shi gawo kuwa kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, yana ƙara wa ƙasa taki, 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Jigawa tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, an ma kafa wa shirin hukuma a 2015. Ina roƙon masu wannan aiki, kafin su ƙirga dashe nawa suka raba, su ƙirga nawa ne suka ga damina ta uku, kuma su tambayi manomi wane itace yake so a gonarsa.

Manyan ayyukan ruwa ma ba su tsira ba. A Barno an kashe maƙudan kuɗi a shekarun 1970 a kan aikin noman rani na kudancin Tafkin Chadi, aka tsara shi don fiye da hekta 60,000, bisa zaton tafkin zai tsaya inda yake. Fari ya zo, tafkin ya janye, aka bar magudanar ruwa a kan tudu. Nan kusa da mu, an gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, an amfana, ba a musu. Amma ba a yi la'akari sosai da mutanen da ke ƙasa ba. Da aka canja yadda ruwa ke sauka, kachala ta cika hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗeja, Guri da Kirikasamma, wasu gonakinsu suka nutse, wasu ruwan ya daina kai musu. Mu ma muna da namu: ruwa ya daɗe a kwance a dam ɗin Gari, aikin noman ranin da aka tsara a kansa ya yi shekaru a yashe, sai a lokacin da ɗan garin nan Injiniya Sulaiman Adamu yake ministan ruwa, tsakanin 2015 da 2023, aka sake tayar da shi. Tara ruwa daban, kai shi gona daban, samun kasuwar abin da aka noma kuma daban. Wanda ya taɓa zubar da kwandunan tumatir a bakin titi don babu mai saye ya san abin da nake faɗa.

Batun wutar lantarki ta hasken rana kuwa, a 2016 gwamnatin tarayya ta sa hannu da kamfanoni 14 su kafa tashoshi, har da a Jigawa. An yi zaton sa hannu shi ne aiki. Daga baya aka koma gardama a kan farashin wutar da kuma wanda zai tsaya lamuni in ba a biya ba, maganar ta kwanta. A 2018 Bankin Raya Afirka ya ba da tallafin dala miliyan 1.5 don share fagen wata babbar tasha mai megawat 1,000 a Jigawa, aka yi ta ambaton Gwiwa. Shekaru suka yi ta wucewa. Rana kam muna da ita, har ta yi yawa. Tambayar da ta kayar da aikin ita ce wa zai sayi wutar, wa zai biya, kuma ta wace waya za ta bi.

Na canjin kuɗi ba sai na tuna wa kowa ba. A Oktoban 2022 Babban Banki ya ce za a sauya takardun naira 200, 500 da 1,000, kowa ya kai tsofaffin banki. Waɗanda suka tsara abin sun ɗauka kowa yana da asusu, kowane gari yana da banki, kowace waya tana da sabis. A ƙauyukanmu fa? Farkon 2023 mun ga mai akuya ya kai ta kasuwa ya dawo da ita, ko ya karyar, mun ga ana sayen naira da naira a wajen masu POS. Sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a ranar 3 ga Maris 2023. Da an tura mutum ɗaya ya wuni a kasuwar ƙauye ya ga yadda ake ciniki, da ya koma ya faɗa musu.

Me ya sa ba a tambaya? A ganina kunya ce da tsoro. Ƙaramin ma'aikaci ya san lissafin bai yi ba, amma ba zai ce wa darakta haka ba. Dagaci ya san wurin da aka zaɓa fadama ce, amma yana tsoron in ya yi magana a ɗauke aikin a kai wani gari, mutanensa su ce shi ya kore. Mu kuma talakawa an koya mana cewa kyauta ba a duba ta. Jama'a, ba kyauta ba ce. Kuɗinmu ne, wani ma bashi ne da jikokinmu za su biya. Ladabi bai hana tambaya ba. Ana iya durƙusawa a gaida mutum, a yi masa godiya, sannan a ce ranka ya daɗe, wurin nan duk damina ruwa ne yake kwanciya.

Kada kuma mu ɗora wa gwamnati duka. Mu ma muna yi. Ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi injin niƙa don ta ga na garin maƙwabta yana ciniki, ba ta ƙirga gidajen da za su kawo niƙa ba, ba ta tambayi kuɗin mai ba. Mutum ya ci bashi ya saye masara don bara ta yi tsada, kamar an rubuta masa cewa bana ma haka za ta yi. Tun da aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura a 2021, masu ɗan hali suka fara tunanin gina shaguna da ɗakunan haya. Tunani ne mai kyau. Amma kafin ka sayar da shanunka, ka je Kazaure ka tambayi masu haya a kewayen kwalejin Husaini Adamu: wata nawa ɗalibai suke yi a gari, yaya ciniki yake lokacin hutu ko yajin aiki, ɗaki mai ruwa da marar ruwa wanne ake kamawa. Kuɗin mota kawai za ka kashe.

Don haka ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa, 'Yankwashi da Babura, da 'yan majalisarmu, da majalisun masarautun Kazaure da Ringim, su sa ya zama ƙa'ida: duk aikin da za a kawo gari, kafin a ba da kwangila a tara jama'a a ƙofar dagaci, a karanta musu da Hausa abubuwan da aka dogara da su, ɗaya bayan ɗaya. A kira maza, a kuma nemi hanyar jin ta bakin mata, tunda su ke fama da ruwa da itacen girki. A kira Fulani makiyaya, a kira mahaƙa rijiya na gargajiya, a kira direbobi da 'yan dako. Abin da suka ce a rubuta, a ajiye kwafi ɗaya a wurin hakimi, domin in an dawo bayan shekara biyu a ga wa ya faɗi daidai.

Game da layin dogo kuwa, ina roƙon Ma'aikatar Sufuri ta Tarayya da Hukumar Jiragen Ƙasa su aiko da wakili Kazaure ya zauna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na manoma da makiyaya, ya bayyana mana mafi ƙarancin kayan da za a karɓa a tasha, da wuraren da aka tanada don tsallakawar mutane da dabbobi, da wanda za a kai wa kuka in ruwa ya tare a jikin dogo da damina. In kuma akwai ma'aikacin da ke karanta wannan jarida da yake da amsa, Edita ka ba shi fili kamar yadda ka ba ni, muna sauraro.

Wassalam.

Naka mai karatu kullum,
wani ɗan kasuwar hatsi, Kazaure.